Injin kaftu mai wuƙaƙe masu juyawa: yadda aka ƙera shi da abin da yake yi wa ƙasa

Tun da muka fara zagayen shirin noman rani, akwai tambaya guda da take ta dawowa a kusan kowane zama da muka yi da ƙungiyoyin manoma na ikkilisiyoyi. Tambayar ita ce ko ya dace ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi ƙaramin injin noman nan mai taya biyu, wanda mutum yake bi a baya yana riƙe da shi, wanda wasu suke kira fawa-tila. Waɗansu kuma suna tambaya a kan babban ɗan'uwansa da ake ɗaurawa a bayan tarakta, wato rotabeta. Mun gane dalilin tambayar. Samari da yawa sun tafi birni, kuɗin 'yan ƙwadago ya hau, shanun huɗa kuma ba kowa yake da ƙarfin riƙe su ba. Gwauruwar da ba ta da mai yi mata kaftu takan jira sai kowa ya gama nasa, kafin nan kuwa lokacin shuka ya wuce.

Kuɗin da ake magana a kai ba kaɗan ba ne. Sau da yawa adashen mutane da yawa ne na shekara biyu ko uku, ko kuma bashin da za a biya da amfanin gona. Saboda haka muka ga ya kamata mu buɗe murfin injin nan mu duba cikinsa tare. Wanda ya san dalilin da ya sa aka lanƙwasa wuƙar yadda take, ya kuma san abin da gudu yake yi wa ƙasa, shi zai iya gaya wa ƙungiyarsa gonar da ya kamata a sa injin da wadda bai kamata ba.

Garma ja ake yi, wannan kuwa sara yake yi

Garmar shanu da ta tarakta aikinsu ɗaya ne. Ana jan ƙarfe a cikin ƙasa, ya yanka ta, ya kifar da ita gefe. Kafin a iya ja, dole mai jan ya kasance da nauyi, ƙafarsa ko tayarsa kuma ta kama ƙasa sosai. Shi ya sa tarakta take da nauyi haka. Shi ya sa kuma takan kafe a fadama idan ƙasa ta sha ruwa, tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya, mai yana ƙonewa a banza.

Injin da muke magana a kai ba haka yake ba. A ƙarƙashin murfinsa akwai sandar ƙarfe a kwance, a gicciye, an jera mata wuƙaƙe kewaye. Injin ne yake juya sandar nan ta hanyar sarƙa ko giya. Kowace wuƙa takan sauko ta sari ƙasa, ta ɗebo yanki, ta jefa shi baya, sai ta bayanta ta biyo. Kamar dai a jera mutane da fartanya a ranar gayya su yi ta sara bi da bi ba hutawa. A yawancin injunan, sandar tana juyawa ne ta inda tayoyi suke juyawa, don haka wuƙaƙen ba sa riƙe injin baya yadda garma take yi. Tura shi gaba ma suke yi. Wannan ne ya sa ɗan inji mai ƙarfin doki 12, wanda mutum huɗu za su iya ciccibar gabansa su fitar daga rami, yake aiki a taɓon da babbar tarakta ba za ta shiga ba. Ku riƙe wannan maganar ta turawa gaba, domin za mu dawo gare ta idan mun zo batun haɗari.

Inda dabarar ta fito

A shekarar 1912, a wani gari mai suna Gilgandra a jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya, wani saurayi ɗan shekara 19 mai koyon aikin injiniya, Arthur Clifford Howard, ya fara gwaji a gonar mahaifinsa. Ya ɗauki ƙarfin wata tsohuwar tarakta mai aiki da tururi ya juya wuƙaƙe da shi a cikin ƙasa. Wuƙaƙen farko sun riƙa watsa ƙasa gefe, ba ta sauka inda ake so. Ya yi ta sake musu siffa har ya kai ga wuƙar da aka lanƙwasa bakinta kamar harafin L, aka ɗaura ta a kan faya-fayan ƙarfe masu tazara a jikin siririyar sanda. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse aikin. Bayan yaƙin ya koma kansa, ya yi rajistar ƙirarsa a 1920, ya kafa kamfani a 1922. A 1938 ya buɗe wani kamfanin a East Horndon da ke Ingila, daga can kuma injin ya bazu a duniya da sunan Rotavator. (Wani malamin makarantar Lahadi ya nuna mana cewa sunan nan ko daga hagu aka karanta shi ko daga dama, abu ɗaya ne, wato shi ma juyawa yake yi.)

Howard ba shi kaɗai ba ne. Wajen 1910, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Konrad von Meyenburg, ya fito da tasa ƙirar. Maimakon wuƙa, shi ya sa ƙugiyoyi na ƙarfe mai tsalle, waɗanda suke yagar ƙasa kamar farata. Kamfanin Siemens a Jamus da na Simar a Janeba sun ƙera irin wannan, masu lambu a Turai kuma suka karɓe shi, domin a ƙasa mai laushi yana barin gona sumul kamar an tankaɗe. Amma ƙugiya takan tattara ciyawa ta naɗe, ba ta yanka ta.

Ƙaramin injin da muke gani a kasuwanninmu kuwa, tarihinsa ya bi ta Asiya ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman shinkafa na Japan, waɗanda gonakinsu ƙanana ne kuma cike da ruwa, suka rungumi inji mai taya biyu, maƙeransu kuma suka sake wa wuƙar siffa domin ta dace da taɓo da karan shinkafa. Daga nan ya shiga Sin da Indiya da Tailan. To, ku lura. An gyara injin nan ne domin gonar shinkafa mai laka da ruwa. Ba don jigawar gero aka yi shi ba.

Siffar wuƙa

Idan kun je wurin mai sayarwa, ku durƙusa ku dubi wuƙaƙen kafin ku dubi fenti. Wuƙa mai siffar L tana da kwana mai kaifi, bakinta kuma a shimfiɗe yake, yana bi ta ƙarƙashin ƙasa yana yanke saiwa gaba ɗaya. Ta fi kowace kyau wajen kashe ciyawa da daddatsa karan masara ko dawa a gauraya shi da ƙasa. Amma tana cin ƙarfi, a ƙasa mai danƙo kuma laka takan cika kwanar ta toshe, har sandar ta koma kamar ganga tana birgima a kan gona.

Wuƙa mai siffar C an lanƙwasa ta ne a hankali, ba kwana. Tana shiga ƙasa daga gindi zuwa baki kaɗan-kaɗan, yadda mahauci yake jan wuƙa a kan nama maimakon ya sara. Saboda haka ba ta neman ƙarfi kamar ta farko, laka kuma ba ta samun wurin maƙalewa. Ta ƙananan injunan Asiya ta fi wannan ma tsawo da lanƙwasa, kamar lauje da aka juya bayansa, domin kara da ciyawa su zame su fita ta bakinta maimakon su naɗe. Akwai kuma mai tsini kamar ƙugiya, ta ƙasa mai tauri da tsakuwa, wadda take farfasawa amma ba ta yanka.

Wuƙaƙe suna da hagu da dama. Wannan ƙaramar magana ce, amma ta ɓata wa mutane da yawa aiki. A rotabetar tarakta kowane faifai yakan ɗauki wuƙa 4 ko 6, rabi suna kallon hagu, rabi suna kallon dama, tazarar faifai da faifai kuma kamar taƙi ɗaya ce. Ba a jera su a layi ɗaya ba. An karkata jerin kamar igiyar da aka tuƙa, domin kada wuƙaƙe da yawa su bugi ƙasa a lokaci guda. Da a ce duka suna sauka tare, da injin ya riƙa tsalle kamar ɗan akuya, giya kuma tana shan duka a kowane juyi. Idan mai gyara ya kwance su duka ya zuba a ƙasa, sa'an nan ya mayar yadda ya ga dama, za ku ji injin yana girgiza, ku ga gona ta fito da tudu da kwari. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a cire ɗaya a sa sabuwa a gurbinta kafin a taɓa ta gaba. Mun taɓa ganin inji da aka ɗaura wa wuƙaƙe a juye, bayan wuƙa yana dukan ƙasa, direba yana ta kukan cewa injin ba shi da ƙarfi.

A ƙananan injunan ana iya amfani da wannan hagu da dama da gangan. Idan aka sa bakunan duka suna kallon tsakiya, ƙasa takan taru ta yi tudu. Idan suna kallon waje, sai a sami kwari a tsakiya. Idan aka gauraya su yadda littafin injin ya nuna, gona ta fito a baje.

Girman sara

Nan ne zuciyar maganar, muna roƙo ku yi haƙuri da ɗan lissafi. Abin da yake sa ƙasa ta fito da hoge ko ta zama gari shi ne kaurin yankin da kowace wuƙa take ɗebowa. Abu uku ne suke yanke wannan kauri: gudun tafiyar injin, gudun juyawar sanda, da yawan wuƙaƙen da suke bin layi ɗaya.

Bari mu ɗauki tarakta da take tafiyar kilomita 3 a awa, wato mita 50 a minti ɗaya. A ce sandar wuƙaƙe tana juyawa sau 200 a minti. A kowane juyi ke nan injin ya ci gaba da santimita 25. Idan wuƙa 2 ne suke bin layin, kowace tana yankar santimita 12 da rabi. Idan 3 ne, kowace tana yankar santimita 8 da 'yan kai. To, a ce direba ya rage tafiya zuwa kilomita 1 da rabi, sandar kuwa tana nan a gudunta. Yankin ya koma santimita 4. Ƙasar za ta fito lilis, wanda ya tsaya a bakin gona zai yaba, amma an ninka man da aka ƙona a kan wannan fili, an kuma niƙa ƙasar fiye da yadda iri yake bukata.

Idan kuma direba yana sauri ya gama ya tafi gonar wani, ya ninka tafiya zuwa kilomita 6, yankin wuƙa 3 ya kai kusan santimita 17. A nan wata matsala take fitowa. An ƙera wuƙar ne yadda bakinta zai yanka, bayanta kuma ya wuce ba tare da ya taɓa ƙasar da ba a yanka ba tukuna. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan wuƙar tana gudu ninki da yawa fiye da tafiyar injin. A misalinmu na farko, idan faɗin da'irar da wuƙaƙe suke zagayawa santimita 50 ne, bakin wuƙa yana gudun kusan kilomita 19 a awa, fiye da ninki 6 na tafiyar tarakta. Idan tafiya ta yi yawa har tazarar nan ta ragu sosai, bayan wuƙa yakan fara gugar ƙasa yana danna ta, injin ya riƙa hawa sama yana barin wurare ba a taɓa ba.

Wani ma'aunin kuma shi ne murfin baya, wanda mutane da yawa suke ɗauka don hana ƙura kawai aka sa shi. Ƙasar da wuƙa ta jefa takan bugi murfin ta ƙara farfashewa. Idan an sauke shi ƙasa, ƙasa ta yi laushi ta kwanta a baje, ciyawa kuma ta binne. Idan an ɗaga shi, hoge yakan fita da girmansa, saiwoyin ciyawa kuma su sauka a sama inda rana za ta busar da su. Sarƙa guda ce ko ƙusa guda take riƙe da wannan murfi, amma a gonaki da yawa ba a taɓa motsa ta ba tun ranar da aka sayo injin. Zurfi kuwa, takalman ƙarfe biyu da ke gefe ne suke tsayar da shi a rotabetar tarakta, a ƙaramin injin kuma 'yar tayar baya ce. Kada a sa rai zai kai zurfin garma. Ƙaramin yakan yi santimita 10 zuwa 15 ne.

Gonar da yake so da wadda yake cuta

A fadamun shinkafa irin na wajen Bida da Argungu, inda ake tare ruwa a fangali a dasa shinkafa, injin nan yana gida. Abin da manomi yake so a can shi ne a kwaɓa ƙasa da ruwa ta zama taɓo mai laushi, a binne ciyawa, a kuma toshe ƙofofin da ruwa yake zurarewa ƙasa. Wuƙa mai juyawa tana yin wannan a wucewa ɗaya ko biyu, aikin da zai ci wa mutane kwanaki da fartanya da ƙafa. Haka ma a lambun rani mai ƙasa mai nauyi, inda ake son fangalin albasa ko karas ko tumatir ya yi laushi, yana haɗa aikin garma da na haro a tafiya guda.

Amma abin da yake alheri a gonar shinkafa shi ne ɓarna a gonar masara. Idan aka sa wuƙar L a laka mai jiƙa, shimfiɗaɗɗen bakinta yakan shafe ƙasan ramin kamar yadda mata suke yin daɓe. Shekara bayan shekara a zurfi ɗaya, sai a sami daɓe na gaske a ƙarƙashin gona. Saiwa ta kai nan ta lanƙwashe gefe, ruwan sama ya kwanta a kai shuka ta yi ja, idan kuma aka yi kwana goma ba ruwa ta yi yaushi domin ba ta iya bin danshi ƙasa. Maganinsa shi ne a guji laka mai jiƙa, a riƙa sauya zurfi, bayan 'yan shekaru kuma a sa garma ta fasa abin da ya taru.

A jigawa matsalar dabam ce, a ganinmu kuma ta fi muni. Ƙasar rairayi ba ta da danƙon kanta. Ɗan abin da yake riƙe ƙwayoyinta tare shi ne ruɓaɓɓen ganye da taki da ƙananan saiwoyi da aikin tana da gara. Wuƙar da take gudun kilomita 19 a awa takan wargaza wannan haɗi, ta mai da gona gari. Iskar farkon damina ta kwashi saman. Ruwa mai ƙarfi na farko ya buga abin da ya rage, ya bushe ya yi ɓawo, ƙaramin iri kamar gero da riɗi ya kasa fasa shi, ruwa na gaba kuma ya bi ta kai ya gudu zuwa kwari da ƙasar. Akwai kuma yaudara a ciki. Iskar da ta shiga ƙasar da aka niƙa takan sa taki ya ruɓe da sauri, don haka shekarar farko shuka takan yi kyau ƙwarai, kowa ya ce inji ya kawo albarka. Abincin shekaru ne aka cinye a damina ɗaya. Ban da wannan, injin yana barin gona a baje ne, mu kuwa a kan kunya muke shuka gyaɗa da dawa, don haka sai an sake bi da garmar huɗa. Shawararmu ga masu gonar tudu mai rairayi ita ce su bar wuƙaƙen a gida, su ɗaura wa injin 'yar garmar huɗa ko kura ta ɗaukar kaya.

Ga hanyar gwaji da ba ta bukatar kuɗi. Ku tono ƙasa daga zurfin da za a yi aiki, ku dunƙule a hannu. Idan dunƙulen ya tsaya, amma da kun danna da yatsa ya wargaje, lokaci ya yi. Idan za a iya murza shi ya yi tsawo kamar yumɓun tukunya, ƙasa ta jiƙe da yawa, a jira. Idan ya ƙi dunƙuluwa yana zuba ta tsakanin yatsu, ta bushe da yawa, ƙura kawai za a tayar.

Sai batun ciyawa. Wadda take fitowa daga iri, wuƙa tana gamawa da ita. Amma kiri-kiri da tofa da aya-aya a ƙarƙashin ƙasa suke yaɗuwa. Idan aka daddatsa kiri-kiri a ƙasa mai danshi, kowane gutsure mai gaɓa sabuwar shuka ce, an dasa ta ke nan ko'ina a gona. Aya-aya kuwa 'ya'yanta a sarƙe suke, yawancinsu suna barci, da an tsinke sarƙar sai duka su farka. Gonar da irin waɗannan suka kama, a yi mata aiki da rani, murfi a ɗage, domin rana ta ƙone abin da ya fito sama.

Wurin da aka raunana da gangan

Gonakinmu ba kamar na Japan suke ba. Akwai kututture, akwai saiwar gawo da ɗorawa da kaɗanya, akwai duwatsu. Idan wuƙa ta ci karo da abin da ba ya motsi, dole wani abu ya ba da kai. Masu ƙira sun san haka, shi ya sa suka sa wuri guda mai rauni da gangan tsakanin inji da sanda. A waɗansu, wani noti ne mai taushin ƙarfe wanda yake karyewa. A waɗansu kuma kuloci ne mai zamewa idan nauyi ya yi yawa. A ƙaramin injin, bel ma yakan zame ya rage bugun.

Wata ƙungiya da muke aiki da ita ta koyi wannan da tsada. Notin nan ya karye musu sau uku a mako guda, direba ya gaji, ya je gareji ya samo noti mai ƙarfi na babbar mota ya sa. Kwana biyu aiki ya tafi lafiya. A rana ta uku wuƙa ta sami saiwar gawo, notin ya tsaya daram, haƙoran giya suka zube. Rotabetar ta kwana a bayan majami'a har damina ta wuce, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, mutanen da suka biya kuɗin aiki tun da wuri kuma suka koma ga fartanya a makare. Rigimar da ta biyo baya ta fi gyaran giyar wuyar warwarewa. Notin da ya karye aikinsa ya yi. A sayi irinsa da yawa a ajiye a akwatin direba. Mai kuloci kuma ya sani cewa yakan yi tsatsa ya manne idan inji ya daɗe a ajiye, don haka a farkon kowane lokacin aiki a sassauta shi a bar shi ya zame kaɗan, sa'an nan a mayar da shi yadda yake.

Wuƙa abin ci ce, kamar taya. Rairayi yana cinta da sauri fiye da laka. Idan baki ya lashe ya zama tsini, zurfi ya ragu, ana barin layin ciyawa a tsaye, mai kuma yana ƙara tafiya. Maƙeranmu suna iya ƙera ta da ƙarfen sifirin mota, waɗansu kuma suna yi da kyau. A kai musu sabuwa ta asali su gwada, ramukan noti su zo daidai, nauyi ya zama ɗaya, kada kuma a ba ta ruwa har ta yi tauri da yawa, domin irin wannan ba ta lanƙwasa, ɓallewa take yi ta tashi. Kowace yamma a cire ciyawa da igiyar buhu da suka naɗe a bakin sanda ta gefe biyu, gama su ne suke cinye robar da take tare mai, laka ta shiga boris. Bayan aikin taɓo a duba man akwatin sarƙa. Idan ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga.

Ran mutum

Sandar da take fitowa daga bayan tarakta tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 kafin ku ce ɗaya. Idan ta kama bakin babbar riga ko zani ko mayafi, ba wanda yake da saurin kashe inji. Kada a yarda a yi aiki da ita ba tare da rigarta ta roba ba, kada kuma kowa ya tsallaka ta. Mai tuƙa ƙaramin injin ya sa kaya masu kama jiki da takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Mun ce wuƙaƙe suna tura injin gaba. A ƙasa mai tauri, maimakon su nutse sai su hau kai su yi gudu kamar taya, injin ya fizge daga hannu. Wanda ya yi ƙoƙarin riƙe shi da ƙarfi yakan faɗi a bayansa. A saki kuloci, a rage zurfi, a bi sau biyu. Mafi yawan munanan raunuka kuwa wajen ja da baya suke faruwa, lokacin da wuƙaƙe suke juyawa suna nufo ƙafar mai tuƙi, bayansa kuma ga bishiya ko shinge. A tsayar da wuƙaƙe kafin a sa giyar baya, kowane lokaci. Kafin a sa hannu a cire ciyawa, a kashe injin ɗungum, cire giya bai isa ba. Yara kuma, da yake sabon abu yakan tara su, a kore su nesa, domin tsakuwa takan fito ta ƙarƙashin murfi kamar daga gwafa.

Kafin a biya kuɗi

Ƙaramin injin da faɗin aikinsa santimita 60 ne, yana tafiyar kilomita 2 a awa, zai yi murabba'in mita 1,200 a awa ɗaya. Hekta guda ke nan ta fi awa 8, ba a sa juyawa a bakin gona da shan mai da hutun direba ba. A gonar shinkafa kuma sau da yawa sai an bi sau biyu. To, ƙungiya ta zauna ta ƙirga hektocin fadama da lambu da mambobinta suke da su, ban da jigawa, ta kuma ƙirga kwanakin da ke tsakanin lokacin da ƙasa take yarda da aiki da lokacin da dashe yake wucewa. Idan filin ya fi ƙarfin kwanakin, a shirya tun yanzu wa za a fara yi wa, a rubuta, a karanta a gaban kowa, kada gwauraye su sake zama na ƙarshe. Idan kuma filin bai kai ya biya mai da wuƙaƙe da ladan direba ba, haya ta fi saye.

A zaɓi mutum ɗaya ko biyu su zama masu tuƙi, a koya musu, kada injin ya riƙa yawo hannu-hannu. Daga kuɗin kowace gona a ware na gyara a asusu dabam kafin a taɓa sauran. Ranar da wakilanku za su je ganin injin kuma, su roƙi mai sayarwa ya ba su aron wuƙa biyu, ta hagu da ta dama, da notin nan mai karyewa ko bel. Su zaga da su kasuwar kayan gyara mafi kusa da ku, su ga ko shago biyu ko uku suna da irinsu, su tambayi farashi, sa'an nan su dawo a yi ciniki.